Tafiya da jakar goyo a tsibirin Java ba yawon banza ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wata irin tafiya da matasanmu suka fara sha'awa, wadda iyaye da yawa suke ɗauka a matsayin yawon banza ko kwaikwayon Turawa. Ina nufin tafiyar da abokai suke haɗa kai su yi zuwa ƙasa mai nisa, kowa da jakarsa ta goyo, ba tare da kamfanin shirya tafiye-tafiye ba, suna kwana a masauki mai araha, suna shiga abin hawan da talakawan ƙasar suke shiga, suna kuma cin abin da suke ci. Ni da wasu abokaina mun yi irin wannan tafiya a Indonesiya, inda muka ratsa tsibirin Java tun daga Jakarta a yamma har gaɓar gabas da ake tsallakawa zuwa Bali. Ra'ayina shi ne tafiya ce mai daraja da ta cancanci goyon bayan iyaye, muddin abokan tafiyar sun gama magana a tsakaninsu tun suna gida, kuma ba su bari arahar da suke nema ta faɗa a wuyan talakan ƙasar da suka baƙunta ba.

Indonesiya ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da mutane kusan miliyan 280, waɗanda kimanin kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne, kuma fiye da rabin al'ummar a tsibirin Java kaɗai suke zaune. Mutanenmu sun san ta ne ta wajen alhazanta da ake gani a Makka suna tafiya sahu-sahu cikin natsuwa, da taliyar Indomie wadda asalinta can ne, da kuma 'yan kasuwar Afirka ta Yamma da suke zuwa sarin tufafi a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta. Ɗan kasuwa yakan sauka, ya yi sari, ya auna kaya, ya juya, kuma ba laifinsa ba ne domin abin da ya kai shi ke nan. Wanda ya kama ɗaki a babban otal shi ma abin da yake gani bai wuce abin da mai otal ya shirya masa ba. Mai jakar goyo ne yake da damar zama a benci ɗaya da manomi da ɗalibi da tsohuwa mai kai wa jikoki tsaraba, kuma a wannan zama ne ake gane yadda ƙasa take tafiya.

Zan fara da abin da ya fi wahala, wato takardu, domin a nan ne yawancin masu buri suke yaudarar kansu. Matasa suna kallon bidiyon Turawa suna sauka a filin jirgi su biya rufiya 500,000 (rufiya ce kuɗin Indonesiya) a buga musu bizar kwana 30 nan take, sai su ɗauka haka abin yake ga kowa. Mai fasfon Nijeriya ba ya cikin masu wannan gata. A lokacin da muka yi namu shirin, Nijeriya tana cikin ƙasashe ƙalilan da sai an tantance buƙatarsu a Jakarta, sai kuma an sami wanda zai tsaya wa mutum a cikin ƙasar kafin a ba shi biza, abin da yake cin makonni masu yawa. Don haka wajibi ne a fara da ofishin jakadancin Indonesiya da yake Abuja kafin a sayi tikitin jirgi, kuma a nisanci dillalan da suke alkawarin gajeriyar hanya. Ana buƙatar fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara, da tikitin komawa. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai biya tarar rufiya miliyan ɗaya a kowace rana, kuma idan kwanakin suka yi yawa abin yakan kai ga tsarewa da kora.

Akwai dalilin wannan tsanani, kuma bai kamata mu ɓoye wa juna shi ba. Dokar Indonesiya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma a 2015 da 2016 an zartar da hukuncin a kan fursunoni da dama a tsibirin Nusakambangan, har da 'yan Nijeriya. Wannan tarihi yana bin duk baƙar fatar da ya sauka a ƙasar, ko da kuwa bai taɓa ganin ƙwaya da idonsa ba. Saboda haka doka ta farko da muka kafa wa kanmu ita ce babu mai karɓar saƙon kowa, ko na ɗan'uwa ne, ko ɗan ƙunshin magani ne, kuma babu mai barin jakarsa a hannun wanda aka haɗu da shi a hanya. An yi mana tambayoyi fiye da waɗanda aka yi wa sauran matafiya, kuma akwai masaukin da ya ce ya cika alhali alamu ba su nuna haka ba. Abin yana da ciwo, amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na karamcin da muka gani ba, kuma na lura cewa sallama da ladabi da takardu cikakku suna buɗe ƙofofi da yawa.

Bayan takardu sai abokai, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambayi wani da ya zo yabon wani mutum ko ya taɓa yin tafiya da shi, domin a tafiya ne hali yake fitowa. Abokin da kuke hira da dariya a gida wani mutum ne daban idan ya kwana a zaune a jirgin ƙasa, cikinsa ya ɓaci, kuɗinsa kuma ya fara ja baya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Na ga ayarin matasa daga ƙasashe daban-daban da suka fito tare suka rabu a tsakiyar hanya ba sa ga maciji da juna, kuma idan ka saurari labarinsu za ka tarar rigimar ba ta wuce ta kuɗi da ta lokaci ba. Wani yana son a tashi da asuba a ga komai, wani yana son a yi kwana uku a gari ɗaya. Wani yana ganin biyan kuɗin shiga wurin tarihi asara ne, wani kuma don shi ya zo.

Maganin da muka samu yana cikin addininmu tun asali. Hadisi ya zo a littafin Abu Dawud cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Mun naɗa shugaba wanda maganarsa take yanke gardama idan shawara ta ƙi ƙarewa, muka kuma naɗa ma'aji dabam domin kada iko da kuɗi su taru a hannu ɗaya. Kowa ya zuba daidai da kowa a asusu, kuma daga asusun ake biyan masauki da tikiti da ruwan sha, yayin da abinci da tsaraba da kuɗin shiga wuraren kallo kowa yake biyan nasa, don kada mai ƙaramin ci ya riƙa ɗaukar nauyin mai babban ci. Ma'aji yana karanta lissafi kowane dare kafin a kwanta, ko da kuwa an gaji. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a Indonesiya saboda yawan sifiri a kuɗinsu: takarda mafi girma ta rufiya 100,000 ce, darajarta kuma kimanin dala shida ce kawai, don haka mutum yakan ruɗe tsakanin dubu goma da dubu ɗari idan bai natsu ba. Mun kuma yarda cewa kowa yana da haƙƙin ware kansa na yini guda ba tare da an ɗauka fushi yake yi ba, da sharaɗin ya faɗi inda za shi kuma wayarsa tana kunne. Sharaɗi na ƙarshe, wanda nake ganin ya fi sauran nauyi, shi ne idan ɗaya ya kwanta ciwo tafiya ta tsaya, ko da an riga an sayi tikitin gaba. Duk wannan mun rubuta shi a takarda tun kafin mu tashi, kuma ina shawartar kowane ayari ya yi haka, domin alkawarin baki yana da saurin mantuwa idan rai ya ɓaci.

Game da kaya ba sai na tsawaita ba. Ƙananan jiragen sama na yankin kilo bakwai suke bari a shiga da shi ciki, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga tafiyar gaba ɗaya, tunda a kowane lungu akwai masu wanki da suke caji a kan kilo. Tufafi kaɗan masu saurin bushewa, da rigar sanyi ɗaya mai kauri, da takalmi mai riƙe ƙafa, da sallaya marar nauyi, da kwafin fasfo a jaka dabam sun wadatar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma a guji makon Ƙaramar Sallah, lokacin da miliyoyin mutane suke barin birane zuwa garuruwansu har tikiti ya gagara samuwa.

Jirgin ƙasa shi ne ƙashin bayan tafiya a Java, kuma shi ne darasi na farko da ya tsaya mini a rai. Daga tashar Pasar Senen ta Jakarta ake shiga jiragen masu araha, daga tashar Gambir kuma masu tsada, kuma tafiya zuwa Yogyakarta ta fi kilomita 500, tana cin kimanin awa bakwai zuwa takwas. Ko a aji mafi araha kowa da lambar kujerarsa, akwai na'urar sanyaya wuri, ba a shan taba, ana duba tikiti da fasfo a ƙofa, jirgi kuma yana tashi a kan lokacin da aka rubuta. Mutanen ƙasar da muka zanta da su sun ce ba haka abin yake ba a da, domin har kan rufin jirgi fasinjoji suke hawa, sai da aka yi gyara mai tsanani a zamanin da Ignasius Jonan ya shugabanci kamfanin jiragen ƙasa daga 2009 zuwa 2014. Matashin da ya ga wannan da idonsa ya san cewa tsari ba gadon Turawa ba ne, tunda ga ƙasa mai yawan jama'a da talauci irin namu ta gyara abinta cikin shekaru kaɗan. Akwai kuma jirgi mai tsananin gudu da aka buɗe a 2023 tsakanin Jakarta da Bandung, amma mai jakar goyo ya fi amfana da na talakawa, inda ta taga yake ganin fadamun shinkafa a jere da duwatsu masu aman wuta a bayansu, maƙwabcinsa na kujera kuma yana miƙo masa abinci kafin ya tambayi sunansa.

Iyaye suna yawan tsoron cewa tafiya irin wannan za ta raba yaro da sallah. A Java dai wannan tsoro ba shi da tushe, domin babu tashar jirgi ko ta mota ko gidan mai ko kasuwar zamani da za ka rasa ɗan masallaci da wurin alwala, kuma a rufin ɗakunan masauki akan manna kibiya mai nuna alƙibla, wadda a can take fuskantar yamma. Yawancinsu mazhabar Imam Shafi'i suke bi, saboda haka za ka ji liman yana bayyana bisimilla, yana kuma ɗaga hannu a alƙunutin asuba bayan ruku'u jama'a suna amsawa, kuma ganin haka yana koya wa matashi cewa saɓanin malamai faɗi ne. Babban masallacin Istiqlal na Jakarta, wanda aka buɗe a 1978 kuma ya fi kowane masallaci girma a kudu maso gabashin Asiya, wani Kirista ne mai suna Friedrich Silaban ya zana shi, yana kuma fuskantar babban cocin Katolika na birnin, har an haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa harabobin biyu. A Bandung kuma mun shiga zauren Gedung Merdeka, inda a watan Afrilu na 1955 wakilan ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka taru a taron da Shugaba Sukarno na Indonesiya ya buɗe, ciki har da Masar da Habasha da Laberiya da Sudan da ƙasar da daga baya ta zama Ghana, suka yi tir da mulkin mallaka tun yawancin Afirka ba ta sami 'yanci ba.

Yogyakarta gari ne na ɗalibai da masu sana'ar hannu, kuma Sarkinsa, Sultan Hamengkubuwono na Goma, shi ne kuma gwamnan lardin bisa doka. A nan ne kuɗin mai jakar goyo yake auki, domin a lokacinmu gado a ɗakin haɗaka bai wuce rufiya 100,000 zuwa 150,000 ba, farantin shinkafa da kaza ko da wainar waken soya a rumfar bakin titi kuma tsakanin 15,000 da 25,000. A nan ne kuma muka zauna muna kallon mata suna zana ƙyalle da narkakken kaki kafin a tsoma shi a rini, sana'ar da suke kira batik, wadda ita ce Turawan Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19 har aka sami atamfar da ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Kusa da garin akwai Borobudur, wurin bautar mabiya Buddha da aka gina a ƙarni na 9, mai ɗauke da gumaka 504 da zane-zanen dutse sama da 2,600. Wasu daga cikinmu sun yi ƙyamar zuwa, kuma ba a tilasta musu ba. Ni dai na je, domin Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma abin lura ne cewa jikokin waɗanda suka gina wurin Musulmi ne a yau, su ne kuma suke gadinsa suna share shi. Baƙo yana biyan kuɗin shiga da ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, an kuma taƙaita yawan masu hawa a kowace rana, ana ba su wani takalmi na musamman don kada dutsen ya ci gaba da zaizayewa, kuma ban ga aibu a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Inda na fi so masu karatu su sani shi ne gaɓar arewa, wadda yawancin Turawa masu jakar goyo ba sa bi. A can ne garuruwan Demak da Kudus suke, cibiyoyin malaman nan tara da ake kira Wali Songo, waɗanda suka yaɗa Musulunci a Java a ƙarni na 15 da na 16. Masallacin Demak yana cikin mafi tsufa a ƙasar, rufinsa kuma hawa uku ne irin na ginin Java, ba shi da ƙubba. A Kudus akwai masallacin da aka gina a 1549, wanda hasumiyarsa ta jan bulo take kama da wurin bautar Hindu, kuma mutanen garin suna ba da labari cewa malamin da ya kafa shi, Sunan Kudus, ya hana almajiransa yanka saniya don kada a ɓata wa maƙwabta mabiya Hindu rai. Har yau miyar da garin ya shahara da ita da naman ɓauna ake yin ta. Malamai suna iya tattauna hukuncin wannan mataki, kuma ba hurumina ba ne, amma na tsaya a gaban wannan hasumiya ina tunanin yadda haƙuri da sanin halin mutane suka musuluntar da tsibiri guda. Babu kamfanin yawon buɗe ido da zai kai mu Kudus. Mun isa ne domin babu mai tsara mana hanya sai mu, kuma domin wani ɗalibi da muka haɗu da shi a masallaci ya ce ba mu ga Java ba idan ba mu je ba.

Daga nan muka nufi gabas zuwa duwatsu masu aman wuta. Dutsen Bromo, mai tsayin mita 2,329, yana yankin ƙabilar Tengger mabiya Hindu, kuma sanyin asubarsa yana kusa da daskarar da ruwa, abin da yake ba wanda ya zo da tunanin ƙasa mai zafi mamaki. A hanyar zuwa can akwai dillalan mota da suke sauke baƙi a ofishinsu su ce nan ne tasha, don haka gara a nemi shawarar mai masauki tun kafin a sauka daga jirgi. A watan Satumba na 2023 wasu masu ɗaukar hoton kafin aure sun kunna wutar wasa a filin ciyawar wurin, gobara ta cinye ɗaruruwan kadada, abin da yake nuna irin ɓarnar da baƙo marar lura yake iya yi saboda hoto ɗaya.

Dutsen Ijen, kusa da garin Banyuwangi, shi ne ya sa na ƙara sharaɗi na biyu a farkon wannan wasiƙa, wato kada neman araha ya faɗa a wuyan talakawa. Ana fara hawansa da tsakar dare domin a ga shuɗiyar wutar da take ci a cikin ramin, wadda iskar farar wuta ce take kamawa, gefenta kuma akwai tafki mai launin shuɗi da kore wanda ruwansa guba ne mai ƙona fata. Masu yawon kallo suna hayar abin rufe hanci mai tace iska. A cikin wannan hayaƙi ne kuma wasu bayin Allah suke fasa farar wuta da ƙarfe, su loda kwanduna biyu a sanda, su saɓa a kafaɗa, nauyin da yake kai kilo 70 zuwa 90, su hau da shi daga cikin ramin, sannan su gangara kimanin kilomita uku zuwa wurin awo, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wasunsu yanzu sun koma tura masu kallo a amalanke zuwa saman dutsen domin ya fi kawo kuɗi. Na ga baƙi suna tare wa mai ɗauke da wannan kaya hanya don su ɗauki hotonsa, na kuma ga wanda ya tsaya yana ja-in-ja da mai amalanke a kan abin da bai kai dala ɗaya ba, sa'an nan ya juya yana yi wa abokansa alfahari da iya ciniki.

Wannan hali ya zama ruwan dare a tsakanin masu jakar goyo, har wasu suna gasar wanda ya fi kashe kuɗi kaɗan a rana, kuma ina roƙon matasanmu kada su ɗauko shi. Wanda ya iya sayen tikitin jirgin sama ya tsallaka rabin duniya ba talaka ba ne a idon mai tura amalanke ko mai sayar da shayi a gindin dutse. Tattali na gaskiya shi ne mutum ya rage wa kansa jin daɗi, ya kwana a ɗakin haɗaka, ya shiga aji mai araha, ya haƙura da tsarabar da ba ta zama dole ba. Amma idan aka zo kan gumin wani, sai a biya abin da ya dace, a ƙara da alheri idan da hali, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma kauce wa mai kaya a hanya. Mun sanya wannan a cikin lissafin asusunmu a matsayin kaso na musamman, domin kada kyauta ta zama abin gardama a gaban wanda za a ba.

Haɗurran hanya na gaske ne, kuma bai dace in rufe su ba. Zazzaɓin dengi, wanda sauro mai cizo da rana yake yaɗawa, ya fi zazzaɓin cizon sauro da muka saba da shi yawa a Java, saboda haka man korar sauro wajibi ne, kuma duk zazzaɓin da ya wuce yini a kai shi asibiti. Ba a shan ruwan famfo. Hayar babur tana da araha, kuma haɗarin babur ne yake jikkata baƙi da yawa, musamman waɗanda ba su saba tuƙi ta hannun hagu ba, ko ba su da lasisin ƙasa da ƙasa, wanda rashinsa kan sa kamfanin inshora ya ƙi biyan kuɗin magani. Mu mun gwammace kiran 'yan acaɓa ta manhajar Gojek ko Grab, inda farashi yake a rubuce kuma ana ba fasinja hular kwano. Jirgin fiton da yake tsallakawa daga Ketapang zuwa Gilimanuk a Bali bai fi kimanin awa ɗaya a kan ruwa ba, amma a watan Yuli na 2025 wani jirgi ya nutse a wannan mashigi da dare aka yi asarar rayuka, don haka a tsallaka da rana kuma a san inda rigunan ceto suke. Bali kanta ba mu daɗe a cikinta ba: tsibiri ne na mabiya Hindu mai kyan gani, sai dai ya fi Java tsada, ana karɓar harajin rufiya 150,000 daga kowane baƙo tun 2024, kuma dole Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci abinci saboda naman alade ya yawaita.

Ga iyaye kuma, na san maganar da take bakinku, cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma kuɗin da za a kashe ya isa jari. Ban raina wannan magana ba, kuma ba na goyon bayan yaron da zai ci bashi ko ya sayar da abin gado ko ya fita ba da izininku ba. Abin da nake roƙo shi ne idan ɗanku ya tara kuɗinsa ta hanyar halal ya zo da wannan buƙata, kada ku tsaya a kan a'a ko to kawai. Ku ce ya kawo abokan tafiyar ku gan su, ku san iyayensu, ku nemi ya nuna muku bizar da inshorar lafiya da tikitin dawowa da takardar yarjejeniyarsu, ku tambaye su wane ne shugaba wane ne ma'aji, kuma ku ajiye lokacin da zai riƙa kira, kuna sane da cewa agogon Jakarta yana gaban na Nijeriya da awa shida. Ayarin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi bai shirya ba, kuma hana shi alheri ne.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina roƙon wannan jarida ta buɗe fili, ko sau ɗaya a wata, inda waɗanda suka je Indonesiya ko Malesiya ko Tailan ko Biyetnam da ƙafarsu za su riƙa rubuta abin da suka gani da Hausa, tare da bayanin ƙa'idojin biza kamar yadda ofisoshin jakadanci suka fitar da su. A yanzu matasanmu suna dogara ne da bidiyon mutanen da fasfonsu da launin fatarsu da addininsu suka bambanta da nasu, kuma shawarar da ta yi wa waɗancan aiki tana iya jefa namu cikin wahala tun daga filin jirgi. Idan aka buɗe filin, a shirye nake in aiko da cikakken tsarin hanyar da muka bi da kwafin yarjejeniyar da muka rubuta.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum.